Zan mayar da gidan gado masaukin baƙi: me ake bukata game da gobara?

Tambaya: Injiniya, ina da bene mai hawa ɗaya a Kano, na gado ne, ina so in mayar da shi masaukin baƙi mai ɗaki 14, takwas a sama, shida a ƙasa. Matakala ɗaya ce, kuma a ƙarƙashinta nake son yin ɗan kicin. An ce sai na nemi takardar 'yan kwana-kwana. Tukunyar kashe gobara nawa zan saya, kuma me za su duba?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan niyya. Zan zo kan tukwane da takarda, amma ba da su zan fara ba, domin a cikin abin da ka zayyana akwai wanda ya fi su tayar mini da hankali, wato matakala ɗaya da kicin a ƙarƙashinta.

Masauki ba gidan iyali ba ne, ko da ginin bai canza ba. A gidanka, yaron da aka haifa a ciki ya san inda ƙofar baya take, ya san wace sakata ce ke cijewa, zai iya fita ido rufe. Baƙon da ya sauka da ƙarfe goma sha ɗaya na dare daga Maiduguri ko Legas, a gajiye, hanya ɗaya ya sani, wadda aka bi da shi zuwa ɗakinsa. Sannan barci zai yi. Mai barci kuwa ba ya jin warin hayaƙi yadda mutane suke zato. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ƙara nutsar da shi take yi. Katifar soso da kujerun kushin da labule da silin roba idan suka kama, ɗaki guda yana iya zama wuta gaba ɗaya cikin minti uku zuwa biyar, kuma hayaƙin soso baƙi ne wuluk, mai guba. Saboda haka duk ƙa'idojin gobara na wuraren kwana abu biyu suke nema kafin komai: a tashi mai barci da wuri, kuma ya sami hanyar fita wadda hayaƙi bai riga shi ba.

A Nuwamban 1980 wuta ta tashi a hawan ƙasa na otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas a Amurka, daga matsalar wayar lantarki a wani wurin cin abinci. Mutum 85 suka rasu, akasarinsu a hawa na sama can nesa da wutar, inda harshenta bai kai ba. Hayaƙi ne ya bi matakala da ramukan lifta ya same su. A Fabrairun 2019 mutum 17 suka mutu a otal ɗin Arpit Palace a birnin Delhi na Indiya, a Janairun 2025 kuma mutum 78 a wani otal na masu wasan ƙanƙara a Kartalkaya ta Turkiyya, inda wutar ta faro daga ɓangaren kicin, aka ga mutane suna ƙulla zannuwan gado suna saukowa ta taga. Ginin naka ƙarami ne a kan waɗannan, amma hayaƙi hali ɗaya gare shi: sama yake yi, kuma matakala buɗaɗɗiya ita ce bututunsa.

Don haka kicin a ƙarƙashin matakala, ka cire shi daga lissafi. Ba kicin kaɗai ba: ko sito, ko akwatin rarraba wutar lantarki, ko batiran sola, ko tarin katifu da zannuwa, kada ɗaya ya zauna a wurin. Na san wurin yana ba da sha'awa, fili ne da ake ganin kamar asara ne a bar shi haka. A bar shi haka ɗin. Kicin ya koma bayan gida, ginin kansa idan fili ya ba da dama, in kuwa dole ya kasance a cikin ginin, to ya zama yana da bangon bulo har rufi da ƙofa mai kauri wadda ba ta buɗewa kai tsaye zuwa ga matakala.

Sai matakala ta biyu. Ɗaki takwas a sama, in kowane ya ɗauki mutum biyu, rai 16 ke nan rataye da hanya ɗaya. Shawarata ka sa maƙeri ya haɗa maka matakalar ƙarfe ta waje a ɗaya ƙarshen koridon, mai faɗin da mutum zai sauko riƙe da yaro, da abin dafawa, ba tsani miƙaƙƙe da ake mannawa a bango ba, wanda tsohuwa ko mai ciki ba za ta iya taka shi ba. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda injiniyoyinmu da yawa suke aro daga gare ta, ta ce koridon ɗakunan kwana mai mafita ɗaya kada ya wuce mita 9, in kuwa akwai mafita biyu ana iya kaiwa mita 35. Ka ɗauki awo ka auna daga ƙofar ɗakin ƙarshe zuwa kan matakala. Korido mai ɗaki huɗu a kowane gefe da wuya ya tsaya a mita 9. Kuma kada matakalar wajen ta sauka a gaban ɗakin janareta ko kusa da tukwanen gas, na sha ganin haka.

Yanzu ga inda ake samun saɓani da masu gida, kuma ban ga laifinsu ba: tsaro. A ƙasar nan ba wanda zai ce ka bar gida a buɗe. Kowace taga da ƙarfe, ƙofar baya da kwaɗo biyu, get a kulle, mukulli a aljihun maigadi, maigadi kuma ya zagaya shan shayi a bakin titi. Ga ɓarawo wannan gida ya gagara, amma ga wanda hayaƙi ya taso a ciki ya zama keji. Maganin ba cire tsaro ba ne, sauya irin makullin ne. Duk ƙofar da ke kan hanyar fita ta kasance ana buɗe ta daga ciki ba tare da mukulli ba, ko da sandar turawa ko da sakata mai murɗawa da hannu, daga waje kuwa ta kasance a kulle gam. Ta buɗe zuwa waje, ba zuwa ciki ba, don in mutane suka taru a bayanta suna turawa, ƙofar da ke buɗewa ciki ba za ta buɗu ba. Idan kana tsoron baƙo ya sulale ta baya bai biya ba, ko ya shigo da wanda ba a rubuta ba, akwai 'yar ƙararrawa da ake sa wa ƙofa mai kuka da an buɗe ta. Kuɗinta kaɗan ne.

Ƙarfen taga ma haka. A kowane ɗaki a sami taga ɗaya da ƙarfenta ke kan hinji, yana buɗuwa daga ciki da sakatar da hannun na waje ba zai kai gare ta ba. Wasu suna sa kwaɗo su rataye mukullin a ƙusa. A gidan iyali wannan yana iya wucewa, a masauki kuwa mukullin ba ya kai wata guda, wani zai tafi da shi ko mai shara ta adana shi inda ita ma za ta manta. Makullin ɗakunan su ma a zaɓi mai murɗawa daga ciki. Mutumin da ya farka a duhu yana tari ba zai tuna inda ya jefa mukulli ba.

Ƙofofin ɗakunan kansu suna da aiki babba. Ƙofar katako mai cikakken ciki, mai kaurin kusan milimita 44, wadda ta zauna daidai a firam ɗinta, tana iya riƙe wuta da hayaƙi kusan rabin awa. Ƙofa mai rami a ciki, ta falanki biyu da aka manna, ba ta daɗewa. A sa wa kowace abin da ke mayar da ita ta rufe da kanta, domin wanda wuta ta tashi a ɗakinsa da gudu zai fita, ba zai tsaya ja ba, kuma ƙofar nan da ya bari a buɗe ita ce za ta cika korido da hayaƙi. Sannan ka sa magini ya leƙa saman silin. A gidajenmu da yawa bangon da ke raba ɗakuna yana tsayawa ne a silin, sama da shi fili ne guda ɗaya daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan, cike da busasshen katakon rufi da wayoyi da sheƙar ɓera. Wuta ta shiga nan, ta gama da hawan sama kafin na ƙasa su sani. A ɗaga bangon korido da na matakala har su taɓa kwano. Silin roba kuma, mai narkewa yana ɗiga da wuta, kada a sa shi a korido da matakala ko da an sa a wani wurin. Filasta ta fi.

Abin da zai tashi mutane shi ne na'urar jin hayaƙi: ɗaya a silin kowane ɗaki, da korido, da saman matakala, da sito, da wurin karɓar baƙi. A kicin ana sa mai jin zafi ne, don mai jin hayaƙi za ta yi ta kuka kullum aka soya albasa har a gaji a cire mata batir. Muhimmin abu shi ne su kasance a haɗe, ɗaya ta ji duka su yi kuka. Na'urar da ke kuka ita kaɗai a sito a ƙasa, wanda ya kunna na'urar sanyaya ɗaki a sama ya rufe ƙofa ba zai ji ta ba. Ƙa'ida ta nemi ƙarar ta kai ma'aunin desibel 75 a kan matashin mai barci. Ga ɗaki 14 ƙaramin allon ƙararrawa mai batir nasa a wurin karɓar baƙi, mai nuna ɓangaren da abin ya taso, da maɓallan da mutum zai danna da hannu a bakin kowace mafita, ya wadatar. A riƙa gwadawa duk mako a rana ɗaya, kuma na'urorin jin hayaƙi ana sauya su bayan shekara 10. Ka kuma gaya wa masu gyaran ɗaki su riƙa ɗaga kai: mai shan sigari ko shisha yakan rufe na'urar da leda ko safa, ya tafi ya bar ta haka.

Haske kuma. Gobara takan fara da cinye wutar lantarki, ko wani ya yi abin da ya dace ya kashe ta. Fitilun da ke caji su kama da kansu in wuta ta ɗauke, a sa su a korido da matakala biyun da bakin ƙofofin fita, masu iya kai awa uku, tare da koren allon nan mai hoton mutum yana gudu. Mu a nan muna da sauƙin gwaji, duk ɗauke wuta gwaji ne, sai dai yawan ɗaukewar yana kashe batir da wuri, don haka a riƙa lura.

Daga ina wutar take tasowa? A irin gidan da ka bayyana, na fi zargin wayarin. An ja shi ne don iyali guda, fanka da fitila da firji ɗaya, yanzu za a ɗora masa na'urar sanyaya ɗaki 14 da hitar ruwan wanka 14 da butar lantarki da dutsen guga. Kada a yi ƙari a kan tsohon, a sake shi. Mai aikin ya kasance yana da shaidar hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki, a yi amfani da wayar tagulla ta gaske mai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, domin kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka yi wa rufin tagulla, ga ido ba bambanci, ga zafi kuwa akwai. Kaurin wayar, a ma'aunin murabba'in milimita: fitilu 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita kowace da layinta da makatsinta, galibi 4, gwargwadon nauyinta da nisanta. A kafa ƙarfen ƙasa, wanda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa, yadda ya kamata, a sa makatsin da ke yanke wuta in ta fara zurara, mai miliyamfiya 30. Kuma a hana ɗabi'ar nan ta ɗaure fis da waya in ya ƙone. Fis ɗin da ya ƙone aikinsa ya yi. Ga kuma lamarin da kowa ya sani: an ɗauke wuta baƙo ya bar dutsen guga ko hitar tsoma-ruwa a kunne ya fita, an kawo wuta ba kowa a ɗaki. Makunni ɗaya a bakin ƙofa mai kashe ɗakin duka, ko irin mai kati, yana rage wannan sosai. Hitar tsoma-ruwa kam a hana ta ɗungum, ka samar da ruwan zafi da kanka.

Janareta ya zauna a ɗakinsa daban, mai iska, aƙalla mita 6 daga tagogin kwana, bakin hayaƙinsa yana kallon wani wajen. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da wata gobara ba, iyalai guda-guda sun tafi ta haka a ƙasar nan. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, jarkokin mai kuma ba sa kwana tare da shi. Batiran sola da inbata su ma ɗaki mai iska suke so, da makatsi a ɓangaren batir, ba lungun da aka cusa tsintsiya da kwali ba. Tukwanen gas a waje, a tsaye, a inuwa, cikin keji mai iska, bututu ya ratsa bango zuwa kicin. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurara ƙasa yake kwanciya ya bi kwata da rami, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ana gwada mahaɗa da ruwan sabulu, ba da ashana ba. In an ji wari, a rufe tukunya a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin fitila ko don kashewa.

Akwai kuma namu na gida wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. Lokacin biki 'yan uwan amarya za su kama ɗakuna, su zo da kasko da gawayi da turaren wuta, a turara kaya a kan kwando, a tura kaskon gefen labule a fita. Da sanyin hunturu wani zai shigo da garwashi ya rufe taga don ɗumi, wanda shi kansa kisa ne ko wuta ba ta kama komai ba. Ga maganin sauro mai hayaƙi a gefen katifa. Hana turare gaba ɗaya ba zai yiwu ba, za a yi a ɓoye, ɓoyen kuma ya fi haɗari. Gara ka ware wuri a tsakar gida mai siminti ka ce nan ake turare, ko ka tanadi kaskon lantarki. Tokar kuma a zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi a waje, a yayyafa ruwa. A Disambar 2017 baƙi biyu suka mutu a otal ɗin Cameron House a Sikotland, saboda ma'aikacin dare ya kwashe tokar murhu a leda ya ajiye a kabad ɗin da ke da jaridu da ƙiraren hura wuta. Toka tana riƙe garwashi awanni bayan ta yi kama da ta mutu.

To, tukwane. Ga gini irin naka: biyu a kowane hawa, ɗaya a bakin kowace mafita, masu kumfa ko ruwa na lita 9, don katifa da katako da labule. Mai iskar CO2 ta kilo 5 ɗaya kusa da akwatin lantarki, wata a wurin inbata. Mai hoda ta kilo 9 a ɗakin janareta da wurin ajiye motoci, da bokitan yashi. A kicin bargon kashe wuta, da tukunyar da aka yi don man girki in kana suya da yawa. Wajen tara ko goma ke nan. Mai hoda ita ce ta cika kasuwa kuma tana kashe kusan kowace irin wuta, amma ban so a dogara da ita a korido, don in aka fesa ta a rufaffen wuri ba mai ganin gabansa. Ruwa da kumfa kuma ba a kai su kan abin da ke da lantarki. Man girkin da ya kama, har abada ba a watsa masa ruwa, a kashe gas a rufe da murfi ko bargo. A rataye tukwanen a bango inda ido zai gan su, mariƙin kusan mita ɗaya daga ƙasa, ba a mayar da su abin tokare ƙofa ba. Allurar agogon da ke jikin tukunyar ta kasance a kan kore, mai CO2 kuwa ba ta da allura, auna nauyinta ake yi. A duba su duk shekara, kuma ka tura yaronka ya tsaya a kan mai cikawa, don akwai masu goge tukunya su manna sabuwar takarda su dawo da ita. Ka kuma sani tukunya daƙiƙoƙi kawai take fesawa, mai hoda ƙasa da rabin minti. Ta wutar kwandon shara ce, ba ta ɗakin da ya riga ya kama ba.

Duk wannan yana hannun wanda ke aikin dare. Ya san cewa da ƙararrawa ta yi kuka, zai kira 'yan kwana-kwana nan take, ba bayan an gwada bokiti an kasa ba, wanda shi ne abin da ke sa su iso a makare a kuma jefe su. Lambar 112 da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa a rubuce a bango. Ya buga ƙofofi, ya buɗe get, ya fito da littafin rajista don a ƙirga mutane a wurin taruwa, kuma kada a bar kowa ya koma ɗauko jaka. A yi atisaye sau biyu a shekara, kowane sabon ma'aikaci ya taɓa fesa tukunya da hannunsa. Bayan ƙofar kowane ɗaki a manna taswirar fita da Hausa da Turanci, da zane don wanda ba ya karatu. Tsofaffi da masu lalura a ba su ɗakunan ƙasa. Ka duba kuma ko motar kashe gobara za ta iya shiga layinku, in ba za ta iya ba, tankin ruwa na sama mai famfo a tsakar gida ya zama dole, tunda burtsatse ba ya aiki in an yanke wuta.

Batun takardu: tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, rajista da lasisin otal hurumin jihohi ne, don haka ofisoshin jihar Kano za ka bi. Sauya gidan zama zuwa na kasuwanci yana bukatar amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kuma matakalar wajen ma ta shiga zanen da za ka kai musu. Hukumar kashe gobara ta jiha ita ce za ta zo ta duba ta ba da takardar shaida, wadda galibi ake sabuntawa duk shekara. Abin da za su duba bai wuce abin da na lissafa ba: mafita, tukwane da ranar cika su, ƙararrawa, wayarin, gas, janareta. Ka je musu da zanen tun kafin a fara fasa bango, gyara a takarda ya fi gyara a siminti araha, ka biya kuɗin a asusun gwamnati ka karɓi rasit. Inshora ma wajibi ce: sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya ɗora ta a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, har da wuraren da ake saukar baƙi, sabuwar dokar 2025 kuma ba ta janye wajibcin ba. Idan kana da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi. Su ma za su tambayi takardar kwana-kwana, kuma ranar biyan diyya za su nemi littafin da ake rubuta gwajin ƙararrawa da cika tukwane, don haka ka sayi littafin tun yanzu ka damƙa shi ga manaja, ya riƙa sa hannu da kwanan wata.